Barcin Ɓerayen Rana ta Biyu

Masu turo mini saƙo suna tambayar wane leshi na zaɓa wa ranar Asabar, ku yi haƙuri. Leshin yana nan, ruwan zuma mai ratsin zinare. Tela ya kawo shi ranar Alhamis da hantsi, kuma har yanzu yana cikin ledarsa a kan gadona. Abin da ya biyo bayan kawo shi ne zan faɗa muku, yadda ya faru, ba ƙari.

Ga waɗanda yau suka fara bibiyata: sunana Mu'mina, 'yar Malam Ubale mai magani a Tudun Ƙofa, cikin Keffi. Digiri na biyu nake yi a fannin ilimin magunguna. Baba yana da wani jiƙo na saiwoyi da sassaƙe da ya gada wurin kakanmu, yana ba masu farfaɗiya. A gidanmu Sanyin Kai ake ce masa. A kansa na ɗora bincikena, kuma dalilina yana cikin gida. Yayata Zulaihatu tana da farfaɗiya. Ƙwayar asibiti ce ta riƙe ta shekara da shekaru, abin da Baba bai taɓa haɗiyewa da daɗi ba.

Ba a fara gwada magani a kan mutum, don haka ɓeraye na yi amfani da su. Wata cibiya mai zaman kanta a Abuja tana da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ke nuna yadda jini ke gudana a cikinta bayan an ba da magani. Matsalar ɗaya ce. Ba ka ce wa ɓera ya tsaya cak ya ji. Dole a sa shi barci kafin a tura shi cikin na'urar. Wanda ke sa su barcin shi ne Taufiq, likitan dabbobi, ɗan Gitata. A nan muka haɗu, ni da farar riga, shi da ɓera a tafin hannu yana ce masa ranka ya daɗe.

Da ya aiko gidanmu neman aurena da farko, Baba ko tabarma bai sa an shimfiɗa ba.

"Likitan awaki?" ya ce. "Daga Gitata? Wa ya san su a Keffi?"

Inna kuma ta sa ni a gaba ta ɗaya ɓangaren. Kullum sai ta lissafa mini sa'o'ina da suka yi aure, har da waɗanda ban taɓa jin sunansu ba.

Sai sakamakon ya fito. Ɓerayen rana ta farko, waɗanda ruwan gishiri kawai aka ba su don a samu abin kwatance, hoton ƙwaƙwalwarsu ja ne da rawaya. Na rana ta biyu, waɗanda aka ba Sanyin Kai, hotonsu shuɗi ne shar. A waccan rana ta biyun cunkoson Mararraba ya riƙe ni a mota, ban isa ba sai da aka gama. Na tarar da su a keji, kwance reras, suna barci kamar an zare musu laka. Na daɗe a kansu ba su motsa ba. Ni da hannuna na ɗauki bidiyonsu na tura guruf ɗin gidanmu.

Baba ya kalli bidiyon har waya ta mutu. Hotunan biyu kuma ya sa aka wanke su manya, aka yi musu firam, ya rataye a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa.

"Dubi wannan, wuta ce a kansa. Dubi wannan kuma, sanyi. Ba ni na faɗa ba, na'urar Bature ce ta faɗa."

Taufiq ya tashi daga likitan awaki ya koma "ɗana Dokta". Baba da kansa ya ce ya turo magabatansa ranar Asabar a sa rana.

To, ranar Alhamis bayan azahar ina zaune a ɗakin Inna, mai lalle ta gama mini hannun hagu tana shirin kama na dama. Gidan ya cika da ƙanshin man gyaɗa da turaren wuta. An fito da kulolin da ba a fito da su sai da dalili. Waya ta yi ƙara a cinyata. Saƙon murya ne daga Dokta Scholastica, wadda ke nazarin hotuna a cibiyar. Tana hutun haihuwa lokacin da aka yi nawa gwajin, sai na roƙe ta ta sake duba su kafin in kare aikina a gaban malamai.

Na kara a kunne. "Mu'mina, ƙanwata, abeg ki kira ni idan kin keɓe. Kar ki kira ni a gaban mutane o."

Na ce wa mai lalle ina zuwa. Na zagaya bayan tankin ruwa na kira ta.

"Kina tsaye ko kina zaune?" ta ce.

"Anti, ki faɗa kawai."

"Kin san kafin a tura magani ana ɗaukar hoton farko, na ƙwaƙwalwa zalla, ba komai a jiki sai barci."

"Na sani."

"Ba wanda ya buɗe waɗannan hotunan. Na bayan magani kawai aka jera aka kwatanta. Ni na buɗe su yau. Na rana ta biyu shuɗi ne tun kafin maganin babanki ya shiga jikinsu."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafata, na tsaya ina kallonta.

"Kina ji na? Da me aka sa su barci?"

"Da iska. Ta bututun hanci. Duka kwana biyun."

"Kin gani da idonki?"

"Rana ta farko na gani."

"To saurara. Iskar nan tana buɗe jijiyoyin jini na kai, jini ya yi yawa, hoto ya yi ja. Akwai kuma allurar barci da ke matse jijiyoyin, jini ya ragu, hoto ya yi shuɗi. Ɓeran da aka sa wa iska, kina cire masa bututu, kafin ki gama wanke hannu ya tashi yana neman abinci. Na allura kuwa sai ya yi ta kwanciya. Naki na rana ta biyu, yaushe suka tashi?"

Bidiyon ya dawo mini gaba ɗaya. Barcin da dangi suka yi ta kabbara a kansa. Wata goggonmu har cewa ta yi a ajiye mata kwalba biyu saboda mijinta ba ya barci.

"Ban ce maganin babanki ba ya aiki ba o," in ji Dokta Scholastica. "Wataƙila yana yi, wataƙila ba ya yi. Cewa na yi wannan hoton bai faɗi komai a kansa ba. Abin da kika auna, bambancin barci biyu ne. Sai an sake daga farko, da barci iri ɗaya, a kuma gauraya ɓerayen a rana ɗaya. Ki tambayi mutuminki."

Na rubuta wa Taufiq da hannun da ba lalle: "Rana ta biyu, iska ka sa musu ko allura?"

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Can sai ga amsa: "Ina hanya, ranki ya daɗe. Na tsaya sayen wa Baba kankana."

'Yan uwa, wanda aka tambaya iska ko allura ya amsa da kankana, ai ya riga ya amsa.

Bayan la'asar ya iso. Na fita da hijabina ruwan toka, hannun hagu a ɗage don kada ya ɓata. Yana jingine da motarsa a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, cikin shadda fara ƙal da hula zanna, agogon da na saya masa a hannu. Ya yi murmushi.

"Hannu ɗaya? Ko rabin amarya za a ba ni?"

"Iska ko allura?"

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya dubi zaure, ya rage murya.

"Mimi, tukunyar iskar ta ƙare da safen nan. Wanda zai kawo wata ya ce sai mako mai zuwa. Ranar ce kaɗai suka ba mu na'ura, ke kuma kina Mararraba. Da na tsaya, da zangon karatu ya wuce ki. Allurar da na yi musu ita muke yi kullum a asibitin dabbobi. Ba ɗaya da ya mutu."

"Ban tambaye ka ko sun mutu ba. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na yi niyya. Wallahi na yi niyya, a ranar. Sai kika shigo kina ɗaukar bidiyo kina dariya. Na ce gobe. Gobe kuma hoto ya fito. Sai Baba ya kira ni da kansa, Mimi. Da kansa. Mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa sai da ka."

"Ka san allurar ce ta yi shuɗin?"

Ya goge goshi da bayan hannu. "Na yi zargi."

"Zargi."

"To, na sani. Shi ke nan? Na sani." Ya matso. "Ki saurare ni. Jibi ne fa kawai. A sa rana, baƙi su watse, ni da kaina zan nemo iska mu sake gwajin. In ya fito da kyau, ba wanda ya yi asara. In bai fito ba, mu lallaɓa Baba a hankali. Hoto ne a bango, Mimi. Wa zai cutu da hoto a bango cikin kwana biyu?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Na tuna wata da watannin da na yi ina kuka a bayan tankin nan. Na tuna kulolin Inna. Na ce a raina, jibi ai kamar yau ne. Na ce masa ya shiga ya gaida Baba, zan kawo ruwa.

Na bi ta tsakar gida zuwa madafa. Hayaƙi ya tare ƙofar. A kan murhu akwai babban kasko cike da mai yana tafasa, cincin na iyo a ciki. A gabansa, kan 'yar kujera, gwiwoyinta kusan suna taɓa dutsen murhu, Yaya Zulaihatu ce zaune da matsami a hannu.

Sai kun san gidanmu za ku gane. Tun ranar da ciwon ya kayar da ita kusa da tukunyar koko tana budurwa, har ya bar mata tabo a damtse, Yaya ba ta zama gaban wuta. Ko ashana ba a aikenta. Ita ce mai tsintar shinkafa da yankan alayyafo a inuwa.

"Yaya, me kike yi a nan?"

Ta ɗago, fuska duk gumi, tana murmushin da na daɗe ban gani ba. Ta ɗaura atamfarta mai koren ganye, ta ɗaure kai tsaf kamar mai zuwa biki.

"Cincin ɗin surukanki mana. Ni zan soya da hannuna. Ɗanɗana ki ji, ban cika sukari ba?"

"Inna ta san kina nan?"

"Ita ta ba ni matsamin. Ke, ai na warke. Ba ke kika gano ba?"

"Kin sha ƙwayarki yau?"

Ta yi dariya. "Wace ƙwaya? Ai tun makon da aka rataye hoton nan Baba ya karɓe su. Sanyin Kai nake sha safe da yamma. Ya ce kar a faɗa miki, so yake ranar Asabar ya sanar a gaban baƙi, ya ce ga aikin 'yarsa da surukinsa. Kash, ga shi na fasa ƙwan. Kar ki nuna kin ji."

Man ya yi tartsatsi. Na dubi kaskon, na dubi tazarar da ke tsakaninsa da fuskarta. Bai kai kamu biyu ba. Abin da na karanta ya zo mini a sarari, kamar an rubuta a bango: mai farfaɗiyar da aka yanke wa ƙwaya farat ɗaya, ciwon kan dawo ba sallama, wani lokaci fiye da da.

Ban san na kama ta da hannun lallen ba sai da na ga shatin yatsuna biyar a kafaɗar rigarta. Na ja ta har tsakar gida.

"Ke Mu'mina, lafiya? Zai ƙone fa!"

"Ya ƙone."

Inna ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali. "Wane irin hauka ne wannan? Kin ɓata lalle, kin ɓata mata riga."

"Inna, ki riƙe ta. Kar ta koma wurin wutar nan. Don Allah."

Wani abu a muryata ya sa ba ta sake tambaya ba. Ta kama hannun Yaya.

A zaure Baba yana kan buzunsa, carbi a hannu, kwalaben jiƙo jere a bayansa. Taufiq na durƙushe a gefe, kankana a gabansu. Hotunan biyu suna bisa kansu, ja da shuɗi. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Uwata, ina ruwan baƙon?" in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana in yana cikin nishaɗi.

"Baba, Taufiq yana da magana a kan hoton nan."

Na ba shi dama. Ina so ku riƙe wannan, ku da za ku ce na yi gaggawa. Na dube shi, ya dube ni, ya dubi tabarma.

"Ba komai, Baba," ya ce. "Cewa na yi Allah ya ƙara basira."

"Amin, ɗana."

Sai na faɗa. Na faɗa da Hausar da Baba zai ji. Na ce ɓerayen farko da iska aka sa su barci, na biyu da allura. Na ce iska ke sa hoto ja, allura ke sa shi shuɗi, kuma shuɗin yana nan tun kafin a ba su jiƙo. Na ce dogon barcin da muka gani a bidiyo na allura ne. Na ce har yanzu ba wanda ya san ko Sanyin Kai yana aiki, ni ma ban sani ba, kuma Yaya tana zaune gaban tafasasshen mai ba ƙwaya a jikinta.

Carbin ya tsaya. Baba bai dube ni ba. Taufiq ya duba.

"Dokta, haka ne?"

"Baba, iskar ce ta ƙare, kuma..."

"Haka ne?"

"Haka ne."

Baba ya gyara zama. Da ya buɗe baki, muryarsa a kwance take.

"A nan ka zauna. Nan inda kake. Na ce maka, Dokta, tunda hoto ya nuna haka, ina so in ɗauke Zulai daga ƙwayar asibiti, me ka gani? Ka tuna abin da ka ce mini?"

Na juya na kalli Taufiq. Wannan ban san da shi ba. Na jira ya ce ba a yi haka ba. Ina ganin da ya faɗa, da na yarda.

"Ka ce, ni likitan dabbobi ne, Baba, amma hoton ya yi kyau." Baba ya gyaɗa kai. "Ni kuma na ɗauka kunya ce irin ta suruki."

"Ban zaci za ka yi ba, Baba. Na zaci magana ce kawai."

Wa zai cutu da hoto a bango. Haka ya ce mini a gindin dogon yaro, bai fi rabin sa'a ba. Ya faɗa yana sane da tambayar da aka yi masa a zauren nan. Na nemi fushi a ƙirjina ban samu ba. Abin da na samu wani sanyi ne, tun daga wuya har tafin ƙafa.

Baba ya miƙe. Na zaci hotunan zai sauke. Bai ko kalle su ba. Ya buɗe tsohuwar adakar da yake ajiye saiwoyi masu tsada, ya zaro wata baƙar leda. Fakitin ƙwayoyin Yaya ne, da katinta na asibiti. Ya miƙo mini.

"A ba ta yanzu?"

"A'a, Baba. Tunda an daɗe da yankewa, likitanta ne zai faɗi yadda za a mayar."

"To." Ya ɗauki hularsa ya leƙa cikin gida. "Zulai! Ɗauko mayafinki. Asibiti za mu."

Mutumin da ya shekara talatin yana ce wa mutane asibiti sai wanda ya rasa gata. Da bakinsa ya faɗa, maƙwabta suna ji.

Yaya ta fito da mayafi a karkace, shatin yatsuna a kafaɗarta. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Ashe ban warke ba?" Na ce ban sani ba, Yaya. Ita ce amsar gaskiya kaɗai da nake da ita, kuma ban taɓa jin nauyin kalma irin na ranar ba.

Kafin mu fito Taufiq ya riga mu waje. Ya tayar da mota, ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe, ya buɗe ta baya.

"Baba, bismillah. Don Allah, Baba. In kai ku."

Baba ya bi ta gabansa, babbar rigarsa har tana shafar ƙofar motar. Ya tsaya a bakin titi ya ɗaga wa mai keke hannu. Ya sa Yaya a tsakiya, ni a gefe ɗaya, shi a ɗaya gefen, ya dafa gwiwarta kamar za ta zame. Da muka sha kwana na waiga. Taufiq yana nan tsaye, ƙofofi biyu a buɗe.

A bencin asibiti nake wannan rubutun. Sun kwantar da Yaya su ga yadda jikinta zai karɓi ƙwayar, kuma ba ta faɗi ba, alhamdu lillahi. Inna ta kira ta ce cincin ya ƙone ƙurmus, ta kuma tambaya ko a mayar da kuloli. Na miƙa wa Baba wayar. Ya ce, "Tambayi mai abin. Ni na zaɓa mata sau ɗaya da hoto, ba zan ƙara ba." Ya mayar mini.

Lallen hannun hagu ya bushe a dame, ba zane ba fure. Na dama fari fat. Da shi na buɗe saƙon Taufiq da ya shigo ɗazu.

"Su Kawu sun riga sun sayi goro da alawa. Da sassafe za su taso daga Gitata ranar Asabar. Mimi, in ce su zo ko kar su zo?"

Ya ga na karanta.